Waƙar Malam da Idi Ya Goge

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A masallaci a tambaye ni, a gareji a tambaye ni, ko tsire na tsaya saya sai mai tsiren ya ce, "Malam Haruna, wai da gaske akwatin kiɗa ka kai Nijar?" Bakina ya gaji, bayana ma har yanzu bai koma daidai ba. Shi ya sa na ce bari in faɗa sau ɗaya daga farko, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ƙanena Idi ne ya jawo mini tafiyar. Waɗanda suka girma a Dogo Nini sun san labarinsa. Mahaifinmu, Malam Buba, malamin zaure ne, kuma yana rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami. Idi kuwa tun yana ƙarami kunnensa na wajen kiɗa. Ya koyi kukuma a ɓoye wajen wani tsoho a hanyar Nangere. Ranar da Malam ya gano, a gaban ɗalibai ya karya ta. Ba a daɗe ba Idi ya hau bayan tirelar shanu ya tafi Legas. Can ya samu shiga makarantar kiɗa, ya koyi gogen Turawa, wanda ake saƙalawa a ƙarƙashin haɓa. Bai sake taka Potiskum ba sai da Malam ya rasu, nan ma ya iso an riga an binne. Yanzu ni da shi duk furfura ta kama mu, kuma abin da ke tsakaninmu bai wuce gaisuwar salla a waya ba.

Farkon daminar nan ya kira ni. Ya ce an gayyace su, shi da wata abokiyar aikinsa, su yi wasa a wata cibiyar al'adu a Damagaram, amma fiyanon da ke can gara ta cinye shi, dole sai sun je da nasu. Sun riga sun ɗora shi a tirelar da ta sauke shanu a Legas za ta dawo Potiskum. Abin da ya rage shi ne ƙaramar motar da za ta ƙarasa da shi. Ni kuwa tun da ciwon baya ya sauke ni daga tirela, a-kori-kura nake ja, ina jigilar wake da gero tsakanin kasuwannin ƙauye. Na ce masa ba zan iya ba. Da na ajiye wayar maiɗakina ta ce, "Tun da ya bar gidan nan, ka taɓa jin ya roƙe ka wani abu?" Washegari na kira shi.

Fiyano, ga wanda bai taɓa gani ba, kamar kabad ne na baƙin katako, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum, da jerin haƙora farare da baƙaƙe a gaba. Nauyinsa na bijimi ne, kuma bijimi ko ba komai yana taka ƙafarsa ya hau mota. Wannan ya iso yana warin kashin shanu. Mai shi, Madam Titi, wato abokiyar aikin Idi, dattijuwa ce Bayarabiya, gajeriya, kullum da goro a kunci. A Nguru aka haife ta, babanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, don haka Hausarta ta fi ta Idi, wanda tasa ta kwana biyu a Legas har ta fara tsami. Da 'yan dako suka zo ɗora shi, ta tsaya a kansu tana cewa, "A hankali, 'ya'yana! Ya girme ku duka." Muka kewaye shi da tsofaffin katifu, muka rufe da tamfol, na ɗaure da igiyar da nake ɗaure buhuna.

Hanyar Maigatari ta fi kusa, amma saboda ramuka muka bi ta Kano da Daura. Mu uku a gaba. Madam a bakin ƙofa, Idi a tsakiya ya rungume akwatin gogensa tsakanin gwiwoyi, duk sanda zan sa giya sai na buge shi. Ban taɓa yin tafiya mai rashin sauri irin wannan ba. Da na ɗan taka sai Madam ta dafa allon mota. Duk ramin da muka faɗa sai a ji abin ya yi gurnani daga baya, ita kuma ta amsa da "Wayyo," kamar ita aka taka. Har masu keke-napep suna wuce mu suna waiwaye.

A shingayen hanya kuwa, da an ga dogon abu a rufe, da kuma yadda muke jan jiki, sai a ɗauka gawa ce. Wani bai ma tambaya ba, ya cire hula ya ce, "Allah ya jiƙan rai," ya ɗaga mana hannu. Na ce amin, muka wuce. Madam ta yi dariya har goro ya shaƙe ta.

Bayan mun wuce Azare hadari ya haɗo. Kafin mu samu mafaka iska ta yage tamfol ɗin daga gefe. Ni da Idi muka hau baya, kowa ya kama ɓari ya danne da jikinsa, ruwa na dukanmu. A nan bayana ya riƙe. Da ruwan ya ɗauke na kasa sauka, sai da Idi ya tallafo ni. Rabon da hannunsa ya taɓa jikina tun muna wanka a kududdufi.

A Kazaure muka kwana, a wani masauki da fankarsa ke juyawa ba iska. Madam ta ce sai an ajiye motar daidai tagar ɗakinta. Abincin da muka samu tuwon dawa ne da miyar kuka da ta huce. Idi ya zazzaga masa yaji kamar yana fushi da shi, ya ce bakinsa ya saba da barkonon kudu. Ɗaki ɗaya muka kwana. Ya tambayi yara, na tambayi aiki, magana ta ƙare. Sauro ne ya yi sauran hirar.

Da hantsi muka isa iyaka. A ɓangarenmu ba a tsayar da mu sosai ba. A ɓangaren can aka nemi katin shaida, wanda suke kira dantite, aka ce a kwance kaya. Aikinsu suke yi, ban ga laifinsu ba, ni ma da ni ne sai na leƙa. Muka kwance igiya, muka janye katifu, suka buɗe saman fiyanon suka haska tocila a ciki. Sannan wani matashin jami'i mai ladabi ya buɗe jakar Idi, ya zaro wasu takardu, ya tsaya yana juya su. Kowane shafi an bi layukansa da baƙar tawada an shafe, sai kalma ɗaya nan, biyu can, kamar gonar da fari suka bi.

"Me aka ɓoye a nan?" in ji shi.

Idi ya ce, "Ba ɓoyewa aka yi ba, ranka ya daɗe, waƙa ce. Wani salo ne da marubuta ke yi yanzu. Za ka ɗauki rubutun wani, ka shafe yawancin kalmomin, abin da ya rage ya zama sabuwar waƙa. Ni kuma na yi mata kiɗa."

Jami'in ya dube shi. "To in waƙa kake so, me ya hana ka rubuta taka?"

Idi ya nuna masa kalmomin da suka rage. Jami'in ya ce shi ba ya karanta ajami, bari ya kira na gaba da shi. Na matso don in taimaka a karanta mu wuce, rana ta fara zafi. Ina ɗora ido a kan shafin na gane rubutun. Hannun Malam ne. Ko a cikin duhu na san yadda yake jan wutsiyar harafi.

Bayan tafiyar Idi, Malam ya rubuta wata doguwar waƙa a kan masu goge da masu sauraronsa da abin da ke jiransu gobe kiyama. Bai ambaci suna ba, amma duk unguwa an san da wa yake. Ɗalibai suka hardace ta, mu ma na gida muka hardace. Ita ce Idi ya bi da tawada.

Abin da na fara yi shi ne duba inda sunan Allah ya zo. Na tarar bai sa tawada a nan ba, farar takarda ya yanka ya lulluɓe wuraren da ita. Wannan ya ɗan sanyaya ni, amma kaɗan. Na ja shi gindin wata dalbejiya.

"Idi, rubutun wa ka yi wa haka?"

"Fotokwafi ne, Yaya. Na asalin yana akwatin Malam a gida, ban taɓa shi ba."

Na nuna masa wani baiti da yatsa. Yadda Malam ya rubuta shi ne:

Duk ɗan da ya bar allo ya rungumi goge,
Ba nawa ba ne, ko ya dawo, ƙofa a rufe.

Abin da Idi ya bari a fili kuwa: ɗan … nawa … ne … ko ya dawo.

Na ce, "Ka goge 'ba' guda biyu ka juya magana. Ka sa wa mamaci abin da bai faɗa ba a baki."

"Ban ƙara ko wasali ba. Duk kalmar da ka gani, hannunsa ne ya rubuta ta."

"Ai da haka ko takardar sammaci ka mayar da ita katin biki."

Ya karɓi shafin daga hannuna. Sannan ya ce, "Tun da na ɗauki kwafin nan ranar sadakar uku nake karanta ta yadda ya rubuta. Na gaji, Yaya. So nake in ga ko akwai wani abu a ƙarƙashi."

Na ce masa ni daga nan zan juya, ba da motata za a kai mahaifina gaban baƙi a yi masa goge a kai ba. Madam Titi tana jin mu. Ta taho, ta ɓara goro ta miƙa mini rabi, ta ce, "Malam Haruna, faɗanku na gida ne, ba zan sa baki ba. Amma kayan da ke bayan motarka nawa ne, kuma Damagaram ka ce za ka kai." Ta san inda za ta kama direba. Tun da na fara tuƙi ban taɓa sauke kayan mutum a tsakiyar hanya ba.

Babban jami'in ya zo, ya karanta abin da ya karantu, ya ce tunda kiɗa ne, a yi ya ji. Idi ya fito da gogen ya ja. Mata masu tallar fura suka taru. Ba irin kiɗan da za ka gyaɗa kai ba ne. Ya ja wata doguwar ƙara siririya, ya tsaya, ya ɗan tsinki tsirkiya da yatsa, ya sake tsayawa. Wata mai fura ta tambayi 'yar'uwarta, "Ciwo abin yake yi?" Babban jami'in ya danne dariya ya buga mana hatimi. Muka sake ɗaure kaya, ni da Idi, ba wanda ya kalli wani. Daga nan har Damagaram babu wanda ya yi magana sai fiyano.

Wanda ya tarbe mu wani malamin makaranta ne mai fara'a, kowa na ce masa Mushe Lawali. Da farko na ɗauka zagi ne, don a wajenmu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce. Ashe can girmamawa ce, daga Faransanci. Kafin yamma ni ma an ce mini Mushe Haruna, kuma yadda bayana yake ban musa ba. Hausarmu ɗaya da su, amma ka ji ana cewa an ɗauke kuran, wai wutar lantarki ke nan. Da rana ta take sai gari ya kwanta, kanti a rufe, ofis a rufe, har sai ta yi sanyi. Mu a Potiskum lokacin ne ciniki ke kankama. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa na yanka dasashi, ni mai haƙoran da suka fara girgiɗi sai da na jiƙa shi a miya. Shayi kuwa ba a ba ka kofi guda ka tashi. A ɗan mitsitsin gilashi ake zubawa, na farko da ɗaci, sai ka jira na biyu, ka jira na uku, in ka tashi kafin nan ka yi rashin kunya. Abin da zan yaba ba tare da sharaɗi ba shi ne alkakinsu da kilishinsu.

A wani ɗaki cikin cibiyar aka sauke mu, katanga ɗaya da zauren wasan. Washegari Madam ta wuni tana gyaran muryar fiyanon, don ruwa da ramuka sun karkatar da ita. Haƙori ɗaya za ta yi ta bugawa, tin, tin, tin, tana murɗa wani ƙarfe, sannan ta koma na kusa da shi. Ina kwance a tabarma da man zafi a baya, ina jin kowane tin a tsakiyar kaina. Na yanke cewa ba zan shiga wasan ba. Da la'asar Mushe Lawali ya zo da kansa ya ce an ajiye mini kujera a gaba, a matsayina na babban wa. Na rasa yadda zan ce masa a'a.

Mutanen ba su cika zauren ba. Ɗalibai ne, da malamai, da wasu dattawa, da Turawa ƙalilan. Abin da ya fara ba ni mamaki, ba a liƙi, ba a kirari, ba a tafi sai an gama. Wani ya yi tari aka juyo ana harararsa. Mushe Lawali ya gabatar da su, ya yi raha cewa wannan baƙon mai goge ne ta fuska biyu, ya goge takarda kuma ya ja goge. Aka haska shafin farko a jikin farin bango, rubutun Malam ya fito ƙato, da baƙaƙen layukan Idi a kai.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kiɗan bai yi mini daɗi ba. Yadda suka tsara shi, inda kalma ta tsira sai gogen ya yi magana, inda aka shafe sai su yi shiru gwargwadon tsawon abin da aka shafe, ko Madam ta danna haƙoran can ƙasa a hankali, ka ji kamar ana jan turmi a ɗaki na kusa. Shirun ya fi kiɗan yawa. Mutanen wurin suna jin shiru ne kawai. Ni kuwa kowane shiru na san abin da ke cikinsa, don kalmomin da aka shafe suna zuwa mini da kansu, wuta da sarƙa da narkakkiyar dalma a kunne. Ga gajiya, ga zafi. A tsakiya barci ya ɗan sace ni.

Wata doguwar ƙara ce ta tashe ni. Na ɗaga kai na ga shafin ƙarshe. Duk baƙi ne, sai layi ɗaya da Idi bai taɓa ko ɗigo a cikinsa ba: Na yi ta kira har murya ta dushe. Ya ja gogen a kan wannan layi har sautin ya sirance ya zama kamar numfashi, gashin bakan kawai ake ji yana shafar tsirkiya. Sannan ya sauke hannu.

Bayan tafi aka ba da damar tambaya. Ɗalibai suka yi nasu da Faransanci, ban ji ba. Sai wata dattijuwa ta miƙe daga baya, ta gyara mayafi, ta ce, "Mushe, ni tambayata ɗaya. Yaron ya dawo?"

Idi ya ce, "Ya dawo, Hajiya. Bai tarar da shi ba."

Ta ce, "Allah sarki. Allah ya jiƙan wannan bawan Allah, ya sa ya huta." Zauren ya amsa da amin, ni ma na amsa. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Malam Buba ba suna yi masa addu'a, kuma goge ne ya kawo su. Har yau ban san inda zan ajiye wannan ba. Na tabbata da yana raye da ya tashi ya fita tun kafin a fara.

Madam da fiyanonta Yamai suka wuce a wata motar, akwai wani wasan da za ta yi ita kaɗai. Ta cika mini aljihu da goro, ta ce in daina ɗaukar buhu da kaina. Muka juyo ni da Idi, mota ba kaya, tana tsalle a kan kowane rami. Mun wuce Matamai kafin ya yi magana.

"Yaya, bayan na tafi, ya taɓa ambaton sunana?"

Na so in ce e. Da na ce, babu mai ƙaryata ni, duk waɗanda suka sani sun mutu. Amma na ce, "A'a. Ko sau ɗaya ban ji ba."

Ya gyaɗa kai, ya juya yana kallon gonakin gero. Can na ƙara da cewa, "Sai dai a duk waƙoƙinsa babu mai tsawon wannan. Ko ta rasuwar Inna ba ta kai rabinta ba." Wannan ma gaskiya ce, ban san ko ta yi masa amfani ba.

Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Sai ya ce, "Da wane kari yake rera ta?"

Na dube shi. Sai a lokacin na lura cewa bai taɓa jin ta ba. Takarda kawai ya sani. Duk wannan kiɗan da ya wahala a kai, ya yi shi ne bai san muryar waƙar ba.

Na ce, "In zan yi, duka zan yi, yadda ya rubuta. Ba zan tsallake komai ba."

"Haka nake so."

Na gyara zama saboda bayana, na yi gyaran murya, na fara daga yabon Ubangiji. Rabona da ita tun Malam na da rai, amma ta zo ba gargada. Na rera masa wutar, na rera masa sarƙar, na rera masa "ba nawa ba ne" da 'ba' ɗinsa guda biyu, da ƙofar a rufe. Bai motsa ba, hannayensa na kan akwatin gogen. Da na iso "Na yi ta kira har murya ta dushe," muryata ta sauka ƙasa, na ja ƙarshen a hankali.

Ya ce, "Haka yake yi a nan, ko kai ne ka gaji?"

"Haka yake yi."

Ya rufe ido. "Sake, Yaya. Daga farko."

Na sake. Har muka hango iyaka bai ce in daina ba, ni kuma ban rage masa ko baiti ɗaya ba.